Muhawara: Wane ruwan sanyaya inji ya dace da mota a ƙasarmu mai zafi?

Mai Corolla, Zariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana a kan ruwan da ake zuba wa lagireto, wanda ake kira kulant. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano, kuma ta zo da wani ruwa mai launin ruwan hoda a cikin ƙaramin tankin roba da ke gefen lagireto. Yanzu ruwan ya sauka ƙasa da layin da aka zana masa. Da na je saye na tarar da kore da ja da shuɗi, mai shagon ya ce ja da ruwan hoda duk abu ɗaya ne, bakanikena kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, in zuba ruwan famfo kawai, tunda abin da aka rubuta a jikin galan shi ne maganin daskarewa, mu kuwa ba ƙanƙara ke sauka a ƙasarmu ba. Tambayata kashi biyu ce. Shin muna buƙatar wannan ruwa a nan? Idan muna buƙatarsa, da me mutum zai gane wanda ya dace da motarsa?

Baban Gareji, Kano

Wa alaikumus salam. Malam, bakanikenka bai yi maganar banza ba. Tun ina yaron gareji nake kwance injin Peugeot 504 da J5, kuma motocin nan sun yi ta safarar Kano zuwa Legas da ruwan rijiya zalla a cikinsu. Ruwa ya fi kowane kulant saurin kwashe zafi, wannan ba ni da shakka a kansa. Abu na biyu, ba sau ɗaya ba sau biyu ba an kawo mini motar da take lafiya lau, sai da maigidan ya zuba mata kulant sannan ta fara yoyo ta famfon ruwa ko ta gindin lagireto. Na uku, da yawa daga abin da ake sayarwa a galan ruwa ne aka rina shi, ba ya ɗauke da komai sai launi. Saboda haka ni shawarata, mutum ya kula da fankarsa da murfin lagiretonsa, ya riƙa duba ruwa kowace safiya, ya fi masa alheri a kan ya bi launi.

Injiniya, Kaduna

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta farko gaskiya ce, kuma ya kamata kowa ya san ta: ruwa zalla ya fi haɗin kulant iya ɗaukar zafi, domin sinadarin da ake haɗawa da shi, wato etilin gilaikol, abin da yake iya ɗauka bai wuce kaɗan a kan rabin abin da ruwa ke ɗauka ba. Shi ya sa ma ba a zuba shi tsagwaronsa. Amma inda zan saɓa maka shi ne ɗaukar cewa aikin kulant hana daskarewa ne kaɗai, domin sunan da ke jikin galan ya ambaci aiki ɗaya ne daga cikin uku.

Aikin hana daskarewa lallai bai dame mu ba. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ko a Jos cikin tsakiyar hunturu ba a kusantarsa. Aiki na biyu shi ne ɗaga matakin tafasa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 107, idan kuma murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, haɗin yana kaiwa kusan 129 kafin ya tafasa, shi kuma ruwa zalla wajen 120. Wannan ratar ba ta da yawa a takarda, amma wanda ya taɓa tsayawa a cunkoso da rana tsaka a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40 ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ya san amfaninta.

Aiki na uku shi ne wanda ya fi shafarmu, kuma shi ne dalilin da ya sa ake da iri daban-daban: hana tsatsa da cin ƙarfe. A cikin hanyar ruwan inji akwai ƙarafa mabambanta, akwai ƙarfen zubi da alminiyam, a tsofaffin motoci kuma har da tagulla da dalmar da aka yi liƙi da ita. Duk inda ƙarafa daban-daban suka haɗu a cikin ruwa mai zafi, ɗaya yana cin ɗaya. Sinadaran da ke hana wannan ba su da yawa a cikin galan, amma su ne ainihin abin da mutum yake biyan kuɗinsa. Motocin da Baba ya ambata suna da lagireto na tagulla mai faɗin hanyoyi, wanda in ya toshe ana buɗe shi a zura ƙarfe a share, a sake liƙewa. Corolla ta 2010 kuwa injinta alminiyam ne, lagiretonta alminiyam ne mai siraran hanyoyi da kawunan roba, in ya toshe ko ya ɓule sai dai a sayi wani. Abin da 504 ta jure, wannan ba za ta jure shi ba.

Mai Corolla, Zariya

Na gode Injiniya, na gamsu da amsar tambaya ta farko. Saura ta biyu. Ke nan in nemi mai launin ruwan hoda kowane iri ne in ƙara a kai?

Injiniya, Kaduna

A'a Malam, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yin asara. Launin rini ne kawai. Shi sinadarin kansa ba shi da launi, kowane kamfani yana zuba rinin da ya ga dama, kuma babu wata doka ta duniya da ta ce launi kaza na iri kaza ne. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne shuɗi. Honda tana da shuɗin kulant da take kira Type 2, wanda yake ɗauke da fosfet kuma babu silikat a cikinsa, su biyun kuwa sinadarai ne na hana tsatsa. BMW ma ta daɗe tana amfani da shuɗi, amma nata yana ɗauke da silikat kuma babu fosfet. Launi ɗaya, haɗin kuma akasin juna. Haka ruwan hoda na Toyota ba shi ne ruwan hodan Volkswagen ba, kuma koren da ke zuwa a motocin Hyundai da Kia ba shi ne tsohon koren da aka sani a da ba.

Abin da ake dubawa shi ne dangin sinadaran hana tsatsa, kuma galan na kirki yana rubuta shi da gajerun haruffa. Tsohon dangi shi ne IAT, wanda ya dogara da silikat da fosfet. Yana shafe jikin ƙarfe da kariya cikin sauri, amma kariyar tana ƙarewa da wuri, don haka ake canja shi duk bayan shekara biyu. Shi ya fi dacewa da tsofaffin motoci masu lagireton tagulla da liƙin dalma. Sai OAT, wanda ya dogara da wasu sinadarai masu tsami da ba sa saurin ƙarewa. Kamfanin General Motors na Amurka ya shigo da shi motocinsa ƙirar 1996 da sunan Dex-Cool, mai launin lemo, ya kuma ba shi wa'adin shekara biyar. Sai kuma HOAT, wanda ya haɗa biyun, kuma a nan ne hanya ta rabu tsakanin Turai da Asiya.

Kamfanonin Turai sun guji fosfet saboda ruwan famfo a yankuna da yawa na can yana da nauyin ma'adinai, fosfet kuwa in ya haɗu da irin wannan ruwa sai ya zama farin datti ya kwanta a hanyoyin lagireto. Sai suka riƙe silikat. Kamfanonin Japan kuma sun guji silikat saboda yana iya cinye robar da ke toshe bakin famfon ruwa, yana kuma iya ware kansa ya yi kauri, sai suka riƙe fosfet. Kowa da dalilinsa, kuma kowa ya ƙera robobinsa da famfonsa a kan abin da ya zaɓa.

Kai taka motar, abin da ta fito da shi daga masana'anta shi ne Toyota Super Long Life Coolant, wanda yake zuwa a haɗe da ruwansa rabi da rabi, ba a ƙara masa komai. Littafin motar ya ce in ba a samu shi ba a nemi makamancinsa na etilin gilaikol wanda babu silikat da amin da naitirait da boret a cikinsa. Wa'adinsa na farko kilomita 160,000 ne ko shekara goma, daga nan sai duk kilomita 80,000 ko shekara biyar. Jan da mai shago ya nuna maka, idan na Toyota ne na asali, tsohon samfuri ne da ake kira Long Life, galibi yana zuwa da kaurinsa sai an sirka, kuma wa'adinsa ya fi gajarta ƙwarai. Tunda motarka ta wuce shekara goma kuma ba ka san ranar da aka canja mata na ƙarshe ba, ni ina ganin a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo ya fi ƙari a kai. Duka-duka injin nan ba ya cin fiye da lita 6. Sannan a binciki dalilin raguwar, domin hanyar ruwan a rufe take, bai kamata ta riƙa shan ruwa ba.

Mai Shagon Kayan Mota, Kaduna

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Mu da muke bayan kanta mun san cewa mai saye ba ya tambayar komai sai launi da farashi, kuma in ka tsaya yi masa bayanin haruffa sai ya zaci kana son ɗora masa mai tsada ne. Akwai abubuwa biyu da nake son a fayyace. Na farko, yanzu akwai galan da ake rubuta wa cewa ya dace da kowace mota kuma ana iya haɗa shi da kowane launi. Shin a amince da wannan magana? Na biyu, ina jan hankalin masu saye su riƙa bambanta wanda aka riga aka sirka da wanda bai sirku ba, domin na sha ganin wanda ya sayi sirkakke ya je ya ƙara masa ruwa daidai da yawansa don ya yi auki, da kuma wanda ya sayi mai kauri ya ɗura shi haka nan yana ganin ya yi wa motarsa gata.

Malamin Kimiyya, Maraɗi

Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Alhaji mai shago, batunka na biyu yana da muhimmanci. Mai kauri tsagwaronsa yana daskarewa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, wato ya fi haɗin rabi da rabi rauni ko a aikin da aka sa masa suna dominsa, sannan ba ya kwashe zafi sosai, don haka wanda ya ɗura shi ba sirki zai ga allurar zafi tana hawa. Ba a wuce kashi 70 cikin 100 ko a ƙasashen ƙanƙara. A ɗaya gefen kuma, in aka tsinka shi ya gaza kashi ɗaya cikin uku, sinadaran hana tsatsa ba za su isa aikinsu ba. A yanayi irin namu, tsakanin kashi 35 zuwa 50 ya wadatar, kuma wanda ya tsaya a rabi da rabi bai yi kuskure ba.

Game da wanda aka ce ya dace da kowace mota, akasarinsu dangin OAT ne da aka cire musu silikat da fosfet duka biyun don kada su yi faɗa da abin da suka tarar. Ma'anar maganar ita ce ba za su lalata wanda ke ciki ba, ba wai suna ba da irin kariyar da mai ƙera motar ya nema ba. Ni zan yarda da shi don ƙarin ɗan kaɗan a kan hanya, amma in cikawa za a yi daga farko, a nemi wanda aka rubuta lambar amincewar kamfanin motar a jikinsa. Mu nan motocin Turai sun yi yawa, don haka bari in ambaci nasu. Volkswagen tana jera nata da G11, G12, G12+, G12++ da G13, kuma sau da yawa ana samun lambar a rubuce a jikin tankin roba na motar. Tsofaffin Golf da ake haya da su sun fito ne da G11 mai silikat, daga baya aka koma G12 wanda babu silikat, kuma waɗannan biyun ba a haɗa su, domin suna iya zama wani ruwan ƙasa mai kauri da ke toshe hanya. Daga G12+ zuwa sama ne aka yi su yadda za su iya zama da na baya.

Sai kuma ruwan sirkin kansa, wanda ba a cika kula da shi ba alhali shi ne rabin abin da ke cikin inji. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai da gishiri. Duk wanda ya leƙa gindin butar shayin da ta daɗe a kan wuta ya ga farin ɓawon da ke kamawa, to irinsa ne yake kamawa a cikin kan silinda da lagireto, kuma yana hana zafi ratsawa daga ƙarfe zuwa ruwa. Ruwan leda ma ba tatacce ba ne a wannan ma'ana, an tsabtace shi ne don sha, ma'adinansa suna nan. Abin da ake so shi ne ruwan da aka turara aka tace, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbatar da bakin mai sayarwa cewa ruwa ne zalla, ba mai haɗe da asid ba, domin dukansu biyu ana kiransu ruwan batir a kasuwa.

Baban Gareji, Kano

Na ji bayanin malamai, kuma batun alminiyam na karɓe shi, domin ni ma ina ganin yadda kan silindar motocin yanzu yake zuwa a cinye ta gefen ramukan ruwa, har gasket ya rasa inda zai zauna. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini batun yoyo. Wannan da idona nake gani, ba labari aka ba ni ba.

Malamin Kimiyya, Maraɗi

Baba, abin da idonka ya gani gaskiya ne, sai dai laifin ba na kulant ba ne. Motar da ta shekara da shekaru tana shan ruwan rijiya, tsatsa ta riga ta huda ta a wurare, amma ita tsatsar da farin ɓawon nan su ne suka toshe ƙananan ramukan. In aka wanke hanyar aka zuba sabon kulant, dattin yana sakin jiki, ramin da ke ɓoye ya bayyana. Ƙari a kan haka, haɗin kulant ya fi ruwa iya silalewa ta ƙaramar kafa, kuma in ya fito yana barin tabo mai launi, shi kuwa ruwa zalla in ya ɗiga a kan inji mai zafi sai ya bushe ba a gani ba. Sau da yawa motar tana yoyon tun da, maigidan yana ƙara ruwa kowace safiya yana ɗauka haka mota take. Don haka ni ma ba na ba da shawarar a ɗura kulant mai tsada a tsohuwar hanyar da ba a gyara ba. A fara duba tiyo-tiyo da famfon ruwa da murfi, a canja abin da ya gaji, sannan a zuba.

Hajiya Mai Honda, Abuja

Sallama ga kowa. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban yi magana ba, amma wannan batu ya shafe ni. Motata Honda Accord ce, kuma a wani gareji an ƙara mata kore a kan shuɗin da ke ciki ba tare da an tambaye ni ba, sai daga baya na ga launin ya sauya. Zuwa yanzu allurar zafi ba ta motsa daga inda take tsayawa ba. Shin in bar shi, ko in sa a zubar? Sannan ragowar galan ɗin an ba ni na kawo gida, ga yara ƙanana, ina son sanin ko yana da haɗari.

Injiniya, Kaduna

Hajiya, ba abin tashin hankali ba ne na yau ko gobe. In ƙarin bai fi kofi ɗaya ko biyu ba, kuma ruwan yana nan garau babu kauri ko gudaji, abin da kika rasa shi ne tsawon wa'adi, domin haɗin ya koma bin wa'adin wanda ya fi rauni a cikinsu. Amma tunda ba a san irin koren ba, kuma in tsohon dangi ne yana ɗauke da silikat da Honda ta hana, ni da zan sa a canja shi a gyaran mota na gaba, ba zan jira shekara ba. Allurar zafi ba ta ba da labarin tsatsa, sai ɓarnar ta yi nisa take nunawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Hajiya, ina roƙonki ki ɗauke galan ɗin nan yau ki kai shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Etilin gilaikol guba ne, kuma abin da ya ƙara masa haɗari shi ne yana da ɗan zaƙi, ga launi mai jan ido kamar lemon kwalba. Wasu kamfanoni suna zuba masa sinadari mai ɗaci don hana sha, amma ba duka ba. Wanda ya sha yakan fara da jiri da amai da tangaɗi kamar mai maye, daga nan ya yi kamar ya samu sauƙi, alhali jiki yana juya shi zuwa abubuwan da ke lalata ƙoda cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ɗan kaɗan ya isa ya illata yaro. In aka yi zargin an sha, a tafi asibiti nan take tare da galan ɗin, kada a tsaya ba da madara ko manja ana jiran a ga abin da zai faru. Kuma don Allah masu gareji su daina juye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, su kuma daina zubar da tsohon a ƙasa inda awaki da kaji da kyanwa ke sha.

Ɗalibi a Rasha

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina son in ƙara abin da nake gani a nan, don a san inda sunan hana daskarewa yake da cikakkiyar ma'ana. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya tsaga jikin inji cikin dare ɗaya, don haka a nan ba wanda ke tunanin zuba ruwa zalla. Suna da wani tsohon samfuri tun zamanin Tarayyar Sobiyet da suke kira Tosol, wanda lambar da ke jikinsa, 40 ko 65, take nuna iyakar sanyin da yake jurewa. Abin da ya shafi gida shi ne, motar da aka shigo da ita daga ƙasa mai tsananin sanyi irin Kanada tana iya zuwa da haɗin da ya fi rabi kauri. Wannan ma wani dalili ne da zai sa wanda ya sayi 'yar Kwatano ya canja ruwan tun farko ya san abin da ke cikin motarsa.

Direban Tirela, Gusau

Duk maganar da ake yi ta ƙananan motoci ce. Mu masu manyan motocin dizal, MAN da DAF da Howo, injinmu yana shan ruwa mai yawa, kuma in aka ce mu cika da kulant kuɗin ba kaɗan ba ne. Akasarinmu ruwa muke zubawa, wasu ma suna ƙara garin sabulun wanki wai yana wanke tsatsa. Amma akwai ciwon da ke damunmu, a wayi gari ruwa ya gauraye da baƙin mai, in an kwance a tarar da hannun riga na silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke zirga-zirga a cikinsa, ya yi ƙananan huji daga waje kamar an sassoka shi da allura. Shin wannan yana da alaƙa da abin da kuke tattaunawa?

Injiniya, Kaduna

Maigida, alaƙa ce kai tsaye, kuma ku ne kuka fi kowa buƙatar kulant na gaskiya. Manyan injinan dizal suna da hannun rigar silinda da ruwa ke taɓa bayansa kai tsaye. Duk bugun da fistin ya yi, hannun rigar yana girgiza, girgizar tana haifar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, su kuma suna fashewa a jikin ƙarfen da ƙarfi, suna ɓantarar sa kaɗan-kaɗan har su huda shi. Hujin da ka gani ke nan. Kulant na manyan motoci ana ƙara masa sinadaran da ke kare wannan wuri, a wasu iri naitirait da molibdet, a wasu kuma sinadaran OAT masu ƙarfi, kuma shi ya sa ma'auninsa ya bambanta. Na ƙananan motoci za ka ga an rubuta ASTM D3306, na manya kuwa ASTM D6210. Kamfanin MAN yana da tasa lambar, MAN 324, mai rassa daban-daban, wani da silikat wani babu, don haka sai an dubi wanda littafin motar ya ambata. Kuɗin cika lagireto sau ɗaya a auna shi da kuɗin sauke inji da canja hannun riga da kwanakin da mota za ta yi a tsaye ba lodi.

Garin sabulu kuwa a bar shi gaba ɗaya. Yana yin kumfa, famfon ruwa kuma ba ya iya tura kumfa, sannan gishirin da ke cikinsa yana cin alminiyam. In wanki ake so akwai ruwan wankin lagireto da aka yi don wannan aiki.

Baban Gareji, Kano

To, tunda an zo batun wanki, bari in faɗi yadda ake yinsa daidai, domin na ga yara suna kwance tiyon ƙasa su bar ruwa ya zuba su mayar, su ce sun canja, alhali kusan rabin tsohon yana nan cikin jikin inji da na'urar ɗumama ɗaki. Ana bari inji ya huce sarai, kada a kuskura a buɗe murfi da zafi, domin na ga wanda ruwan ya saɓule wa fatar hannu. A zubar da tsohon a cikin mazubi, a cika da ruwa mai tsabta, a buɗe na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe, a tayar da inji sai tiyon sama ya yi zafi, a kashe a bari ya huce, a sake zubarwa. Ana maimaitawa har sai abin da ke fita ya zama garau. Wanda zai zuba mai kauri ya fara auna rabin abin da injin ke ci ya zuba shi, sannan ya cike da tataccen ruwa, saboda ruwan wankin da ya maƙale a ciki. A ƙarshe a fitar da iska, Peugeot irin su 406 ma suna da ƙananan kusoshi na musamman don haka, kuma in an bar iska a ciki mota za ta yi zafi ko da wane irin kulant aka zuba. Ni dai har yanzu tsohuwar motar da ke yoyo ba zan sa mai ita ya sayi kulant ba sai an gyara, amma motar alminiyam mai lafiya zan riƙa gaya wa mai ita ya kawo wanda littafinta ya ce. Abin da ya rage mini shi ne na jabu. Da me zan gane shi kafin in zuba wa motar mutane?

Malamin Kimiyya, Maraɗi

Baba, akwai hanyoyi masu sauƙi, ko da yake babu wadda ta isa ita kaɗai. Ta farko nauyi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta haɗin rabi da rabi tana kaiwa wajen kilo 1.07, ta mai kauri kuma ta haura kilo 1.1, don haka ƙaramin sikeli mai kyau yana iya tona asirin ruwan da aka rina. Ta biyu, akwai ɗan ma'auni mai gilashi da ake ɗiga masa ɗigo ɗaya a duba a haske, yana nuna yawan gilaikol da ke ciki, ba shi da tsada sosai kuma ya kamata kowane babban gareji ya mallake shi. Ta uku, a zuba kaɗan a kwalba mai murfi a rubuta guba a jikinta, a sa a firizar da ba a ajiye abinci a ciki, wadda ta samu wuta dare guda. Haɗin gaskiya ba zai daskare ba, rinannen ruwa kuwa zai zama ƙanƙara.

Sai dai a lura da abu biyu. Akwai kulant na halal da ake yi musamman don ƙasashe masu zafi, wanda ruwa ne da sinadaran hana tsatsa da gilaikol kaɗan ko babu, irin wannan zai daskare a firiza ba tare da ya zama jabu ba, amma zai faɗi haka a jikin galan ɗinsa, kuma bai kamata a sayar da shi da farashin cikakken haɗi ba. Akwai kuma na algus da ake haɗawa da sinadarin metanol, wanda ba zai daskare ba amma yana tafasa tun kafin ruwa ya tafasa, ana gane shi da rashin nauyi da wari mai hawa kai. Su kuwa sinadaran hana tsatsa babu gwajin gida da ke nuna irinsu, don haka a nan sai a dogara da galan mai hatimin da ba a fasa ba, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar ma'auni da ranar da aka yi shi, daga hannun dillalin da za a iya komawa wurinsa in an samu matsala.